Ko da bai kuɓutar da mu ba

Yayata ta yi wata 14 tana jinyar ciwon daji kafin ta rasu. A cikin watannin nan na ga masu dubiya iri-iri, amma mutum biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko wani ɗan'uwa ne a cikin ikkilisiya, mutum mai himma wanda ba ya fashin taron addu'a. Ya shigo da Littafi Mai Tsarki a hammata, ya yi addu'a da ƙarfi har gumi ya keto masa, sannan ya jawo kujera kusa da gadon, ya sassauta murya ya ce: "Yaya, ki bincika zuciyarki da kyau. Ko akwai zunubin da ba ki furta ba? Kin san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Ta dube shi, ta dubi robar ƙarin ruwan da ke maƙale a hannunta, ba ta ce uffan ba. Da ya fita sai ta juya fuska wajen bango. A daren nan ina kwance a ƙasa kusa da gadon na ji tana lissafa laifuffukanta ƙasa-ƙasa, tun daga na ƙuruciya, har da wata ƙaryar da ta yi wa mahaifiyarmu tana 'yar shekara 9. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, kuma da sunan dubiya aka kawo mata ita.

Ban riƙe mutumin nan a zuciya ba. Abin da aka ɗora shi a kai ya faɗa, kuma na tabbata da ƙauna ya faɗe shi. Koyarwar da ke bayansa nake ƙara. Ita ce mai cewa muddin kana tafiya daidai da Allah, lafiya da wadata haƙƙinka ne, in kuwa ka ga ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko talauci ya yi maka katutu, ko haihuwa ta ƙi zuwa, to ka duba kanka: ko zunubi ne, ko bangaskiyarka ce ba ta kai ba, ko ka ƙwange wa Allah a zakka da baiko. A zamaninmu koyarwar ta sami sabuwar riga a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a bakin masu wa'azi irin su Oral Roberts, wanda ya yayata batun "shuka iri", wato ka ba da kuɗi Allah ya ninka maka, da Kenneth Hagin, wanda ya koyar cewa abin da ka furta da bangaskiya shi za ka samu. Rediyo da talabijin suka kai ta ko'ina, yanzu kuma tana cikin wayar kowa. Rigar ce kawai sabuwa. Tunanin ya girmi Amurka da dubban shekaru, kuma akwai littafi guda cur mai sura 42 a cikin Littafi Mai Tsarki da ya tsaya a kan rushe shi.

Kowa ya san Ayuba da haƙuri. Waɗanda suka zauna suka karanta tsakiyar littafin, inda ake ta cacar baki sura bayan sura, ba su da yawa. Mutum ne mai tumaki 7,000 da raƙuma 3,000, da 'ya'ya maza 7 da mata 3, kuma tun a ayar farko an gaya mana cewa amintacce ne mai tsoron Allah. A yini ɗaya dukiyar ta tafi, 'ya'yan duka 10 gida ya rufta musu, daga baya miyaku suka rufe shi tun daga tafin ƙafa har tsakar ka. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, suka yi takakka suka zo. Da suka hango shi ba su gane shi ba. Suka zauna tare da shi a ƙasa kwana 7, dare da rana, ba wanda ya ce masa kanzil, don sun ga baƙin cikin ya wuce magana. Da a nan suka tsaya, da yau muna raɗa wa 'ya'yanmu sunayensu.

Sai suka buɗe baki. Elifaz ya fara a hankali, cikin ladabi, ya ce wa Ayuba ya tuna, wane marar laifi ne ya taɓa hallaka? Bildad ya dubi uban da ya rasa 'ya'ya 10 ya ce masa in 'ya'yan sun yi wa Allah zunubi, ai alhakinsu ne ya kama su. Zofar ya ce Allah ma rangwame ya yi masa, abin da ya cancanta ya fi haka. Da Ayuba ya ƙi karɓar laifin da bai yi ba, sai tura ta kai su ga ƙage. A sura ta 22 Elifaz ya zauna yana jero masa zunubai daga ka: wai ya hana mai ƙishi ruwa, wai ya kori gwauraye mata hannu wofi, wai ya tuɓe wa matalauta tufafi. Bai ga ko ɗaya ba. Lissafi ya yi daga baya zuwa gaba: tun da ga hukunci, dole akwai laifi, ruwa ba ya tsami banza.

Na daɗe ina tunanin abin da ke sa mutanen kirki su yi wa mai wahala haka, kuma ina ganin tsoro ne. In har mutum kamar Ayuba zai iya wayar gari a kan toka ba gaira ba dalili, to Elifaz ma bai tsira ba. In har yayata, wadda ta fi yawancinmu riƙon addu'a, za ta iya ƙarewa a kan gado tana ramewa kullum, to ɗan'uwan nan mai dubiya ma ba shi da wata takardar kariya. Gara a samo wa majinyaci laifi ko ta halin ƙaƙa, don mai lafiya ya koma gida ya yi barci da daɗi, yana cewa a ransa shi bangonsa bai tsage ba.

Ayuba kuwa bai yi shiru ba. Ya la'anci ranar da aka haife shi. Ya ce Allah ya maishe shi abin bara, yana ta harbinsa da kibau. Ya ce da ya san inda zai same shi da ya je ya shigar da ƙara a gabansa. Ya kira abokansa masu ta'aziyyar banza. In wani ya miƙe a taron addu'a yau ya faɗi rabin abin da Ayuba ya faɗa, dattawa za su kira shi gefe. Amma da Allah ya zo yanke hukunci a sura ta 42, da Elifaz da abokansa biyu ya yi fushi, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya faɗa. Masu kare Allah aka kama da laifi, har sai da wanda suka tuhuma ya yi musu addu'a. Haka kuma Allah bai taɓa gaya wa Ayuba dalilin abin da ya same shi ba. Sura 4 ya yi yana masa magana, tun daga cikin guguwa, a kan harsashin duniya da taskar ƙanƙara da haihuwar awakin dutse da wautar jimina, bai ambaci zancen da ya gudana tsakaninsa da Shaiɗan a sura ta farko ba ko sau ɗaya. Ayuba ya sami ganawa da Allah, bayani kam bai samu ba, kuma ganawar ta ishe shi.

Masu cewa ai a ƙarshe an ninka masa dukiya, gaskiyarsu ne, tumaki sun zama 14,000, raƙuma 6,000. Ya kuma sake haifar 'ya'ya 10. Amma duk wanda ya taɓa binne ɗa ya san sabon ɗa ba ya tone kabarin na fari. Ayuba ya rayu sauran shekarunsa da kaburbura 10 a bayansa.

Wurin da ya fi tsaya mini a littafin shi ne tambayar da Shaiɗan ya yi tun farko: a banza Ayuba yake tsoron Allah? Ai ka kewaye shi da shinge, ka sa albarka a duk abin da ya taɓa. Cire shingen ka gani. Zarginsa shi ne babu mai ƙaunar Allah don Allah, duk addini ciniki ne, ba ni gishiri in ba ka manda. Duk lokacin da aka hau mumbari aka ce ka ba da kaza ka sami kaza, ka yi azumin kwana kaza ƙofa ta buɗe dole, ana ba Shaiɗan gaskiya ne a kan wannan zargi, ko an sani ko ba a sani ba. Mai bin Allah a kan sharaɗi yana da ranar tashi, ranar da kaya suka ƙi isowa. Na ga mutanen da suka bar bangaskiya bayan rasuwar ɗa ko rushewar sana'a, kuma in ka zauna da su ka saurara za ka tarar alkawarin da aka yi musu da sunan Allah ne ya karye, alkawarin da shi bai taɓa yi ba.

Kada a ce ina raina addu'ar neman warkewa. Na yi ta, ina yi, kuma zan yi wa duk wanda ya roƙe ni. Yesu ya warkar da makafi da kutare, wasiƙar Yakubu ta ce mai ciwo ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a. Ban kuma ga laifin matalaucin da ya ji an ce Allah na son ya fita daga ƙunci ya yi tsalle ya ce amin ba. Wanda yunwa da bashi suka sa a gaba, wa zai hana shi sa rai? Inda na tsaya shi ne wurin da ake mayar da roƙo ya zama umarni, a mayar da Uba ya zama injin da ake zura wa kati ya zubo kuɗi, sannan in bai zubo ba a ce katin mai roƙon ne ya lalace.

Sau biyu aka kawo wa Yesu irin wannan lissafi, sau biyu ya ƙi shi. A Yohanna sura ta 9 almajiransa suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba iyayensa ba. A Luka sura ta 13 aka ba shi labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya, shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya tambaya ko ana tsammanin sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ne, ya ce a'a. Ya juya maganar kan masu tambayar, ya ce su tuba. Mai son bincikar zuciya ya fara da tasa.

Akwai wata aya da ake bugawa a kan kalanda da katin gaisuwa, ake turawa ta waya kowace safiya: Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin da yake yi musu, shiri na alheri, don ya ba su bege da makoma. Aya ce mai daɗi, ni ma ina sonta. Sai dai ya kamata mu san wa aka rubuta wa. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe sarkin Yahuza da manyan gari da masu sana'a ya kai su Babila. 'Yan shekaru bayan haka wani annabi mai suna Hananiya ya miƙe a Haikali, a gaban firistoci da jama'a, ya ce Ubangiji ya ce nan da shekara 2 za a dawo da kowa da komai. Irmiya yana tsaye da karkiyar itace a wuya, alamar bautar da ke tafe. Hananiya ya cire ta ya karya. Ka ƙiyasta irin shewar da aka yi a ranar. Irmiya da kansa sai da ya ce amin, Allah ya sa haka, don shi ma ba ya jin daɗin saƙon da yake ɗauke da shi. Amma maganar da ta zo masa daga baya ita ce an karya karkiyar itace, ta ƙarfe za ta maye gurbinta. Hananiya ya mutu a cikin shekarar.

Wasiƙar da ayar ke ciki, wadda Irmiya ya aika wa waɗanda ke Babila, cewa ta yi su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su bauta, don sai an cika shekara 70. Ayar da ke gaba da wannan adadi ita ce ta 11. Wato mutumin da ya ji an karanta wasiƙar yana ɗan shekara 40 ya san a Babila za a binne shi. Kafin abin ya gyaru ma sai da ya ƙara lalacewa, don a 586 an ƙone Urushalima da Haikalin ƙurmus. Alkawarin gaskiya ne, an kuma cika shi bayan Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539, amma jikoki ne yawanci suka taka hanyar komawa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mun ɗauki ayar Irmiya muna wa'azinta da muryar Hananiya: bana shekararka ce, watan nan ba zai ƙare ba sai ka ga canji. Wa ke bin sawun waɗannan annabce-annabce a ƙarshen shekara ya ƙirga nawa suka cika?

Sabon Alkawari bai ɓoye komai ba a nan. A Ayyukan Manzanni sura ta 12 Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, a aya ɗaya tak aka ba da labarin. Ya kama Bitrus, mala'ika ya zo da dare, sarƙoƙi suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Sura ɗaya, sarki ɗaya, ikkilisiya ɗaya, manzanni biyu da Yesu ya kira daga bakin teku ɗaya. Ba wanda zai iya cewa bangaskiyar Yakubu ce ta gaza. Ibraniyawa sura ta 11 ta jero waɗanda ta wurin bangaskiya suka ci mulkoki, suka rufe bakin zakoki, suka tsere wa kaifin takobi, sai a tsakiyar aya ta 35 ta juya ta ce waɗansu kuma aka azabtar da su, aka jejjefe su, aka tsaga su da zarto, aka kashe su da takobi, suka yi ta yawo a hamada da kogwanni. Duka rukuni biyun an yaba musu saboda bangaskiya. Bulus, wanda aka riƙa kai wa marasa lafiya ƙyallayen da suka taɓa jikinsa suna warkewa, shi ne ya rubuta cewa ya bar abokin tafiyarsa ba lafiya a Militas. An yi masa bulala 39 har sau 5, jirgi ya fashe da shi sau 3, ya roƙi Ubangiji sau 3 ya cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka. Ƙayar ta zauna.

Wani abin da koyarwar nan ta ƙwace mana shi ne kuka. An koya wa mutane cewa mai bi ba ya cewa "ba ni da lafiya", sai dai "ina da ƙarfi", ko da yana rawar sanyi. Ka tambayi wanda aka kora daga aiki yaya gida, ya ce komai na tafiya daidai, ya yi murmushin da bai kai ido ba, don yana tsoron kada furucinsa ya jawo masa wata masifar. Littafin waƙoƙin da Yesu ya tashi da shi bai san wannan kunya ba. A cikin Zabura 150, wajen kashi ɗaya cikin uku koke-koke ne. Ta 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau 4 a ayoyi biyu na farko. Ta 44 ta ce duk wannan ya same mu ko da yake ba mu manta da kai ba, sannan ta ce masa ya farka, don me yake barci? Ta 88 ba ta ma juyo zuwa yabo a ƙarshe kamar yawancinsu ba, a Ibrananci kalmarta ta ƙarshe ita ce duhu. Waɗanda suka tattara littafin ba su cire ta ba, suka bar ta jama'a su riƙa rerawa a gaban Allah.

Za a ce ai Allah ya hukunta Isra'ilawa a jeji saboda gunaguni. Haka ne. Bambancin yana ga wanda ake fuskanta. Masu gunaguni a jeji a cikin alfarwansu suke yi da Allah a bayan idonsa, suna shirin naɗa shugaba su koma Masar. Mai zabura kuwa a gabansa yake tsaye, yana riƙe da gefen rigarsa, yana cewa kai ne ka yi alkawari, ina yake? Ɗan da ke kuka yana dukan ƙirjin mahaifinsa har yanzu a hannun mahaifin yake. Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, da 'yarsa Magdalena ta rasu a hannunsa a 1542 tana da shekara 13, bai ɓoye ba cewa ya san tana cikin salama amma baƙin ciki ya ƙi sakinsa. Uwa Teresa ta Kalkata, da aka buga wasiƙunta a 2007, shekara 10 bayan rasuwarta, sai duniya ta ga cewa ta yi kusan shekara 50 tana jin kamar Allah ya yi mata nisa, tana kuwa tashi kowace asuba ta yi addu'a ta fita wajen masu mutuwa a titi. Wasu sun ce wannan ya tona asirin rashin bangaskiyarta. Ni a nan na ga bangaskiyar, don wanda ke jin daɗin addu'a kullum ba a san ko daɗin yake bi ba.

Tambaya mai nauyi tana nan, kuma na sha yi wa kaina ita a barandar asibiti da tsakar dare: in dogara ga Allah ba ta hana ciwo, ba ta hana mutuwar ƙuruciya, to mene ne amfaninta? Duk abin da nake da shi na amsawa a gicciye yake. Bangaskiyar Kirista ba ta ce Allah yana zaune can nesa yana raba jarrabawa yana duba sakamako ba. Ta ce ya shigo. A kabarin Li'azaru, bayan Marta da Maryamu kowacce ta ce masa da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba, bai tsawata musu ba, ya yi hawaye, alhali ya san nan da ɗan lokaci zai ta da shi daga matattu. A Getsamani ya roƙa sau 3 a ɗauke masa ƙoƙon nan, ba a ɗauke ba. A kan gicciye ya ɗaga murya da farkon Zabura ta 22, ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni? Markus ya ajiye kalmomin a harshen da aka faɗe su, kamar wanda ya ji su ya kasa mantawa da sautinsu. In addu'ar da ba a amsa yadda aka roƙa ba alama ce ta ƙarancin bangaskiya, to sai a fara tuhuma daga Getsamani. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da gwamnatin Hitler ta rataye a ranar 9 ga Afrilu 1945, ya rubuta daga kurkuku cewa Allah mai shan wahala ne kaɗai zai iya taimako. Da na fara cin karo da maganar na ɗauka salon masana ne. A gefen gadon yayata na gane ta, don a lokacin ba na iya magana da duk wanda bai san ciwo ba.

Kuma labarin bai tsaya a ranar Jumma'ar da aka gicciye shi ba. Da Yesu ya tashi, da tabon ƙusoshi ya tashi, har ya ce wa Toma ya sa yatsa. Begen da aka ba mu shi ne mutuwa ba ita ke da magana ta ƙarshe ba, kuma abin da aka sha ba za a share shi kamar bai faru ba. Romawa 8:28, mai cewa komai yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, wadda muke saurin jefa wa masu makoki tun hawaye bai bushe ba, tana zaune ne a tsakiyar sura mai cike da nishi: halitta na nishi, mu muna nishi, Ruhu ma yana roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa da baki. Ayoyi kaɗan bayanta Bulus ya jero ƙunci da tsanani da yunwa da tsiraici da takobi, bai ce ba za su zo ba, ya ce ba za su raba mu da ƙaunar Almasihu ba. Ayar gaskiya ce, amma ta fi daɗin ji a bakin wanda ya sha wuyar, bayan shekaru, da a bakin mai lafiya a rana ta farko.

Akwai rami a ɗaya gefen hanyar kuma, dole in faɗe shi. Ana iya ɗaukar duk abin da na rubuta a mayar da shi sandar dukan raunana. Matar da miji ke jibga a ce mata gicciyenta ne ta ɗauka. Ma'aikacin da aka hana albashi wata da watanni a ce masa ya dogara ga Allah, mai hana shi kuma yana zaune a kujerar gaba ranar Lahadi. Wannan ba haƙurin Littafi Mai Tsarki ba ne. Wasiƙar Yakubu ta ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. A Filibi an yi wa Bulus da Sila dūka an jefa su kurkuku, da tsakar dare suna waƙar yabo, amma da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ce faufau, an doke su a fili ba tare da shari'a ba alhali su 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan sun zo da kansu. Suka kuwa zo suka ba da haƙuri. Bakin da ya yi waƙa da dare shi ya nemi haƙƙi da safe.

Haka Kiristocin farko suka fahimci abin. Wajen shekara ta 250 wata annoba ta mamaye daular Roma ta yi fiye da shekara 10 tana kisa. Kifiriyanus, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya tarar wasu cikin jama'arsa suna damuwa cewa cutar tana ɗaukar mai bi kamar yadda take ɗaukar kowa. Ya ce musu muddin muna cikin wannan jiki, abin da ke samun 'yan Adam zai same mu, ya kuma tura su jinyar marasa lafiya har da waɗanda ba Kirista ba. Diyonisiyus na Iskandariya ya rubuta cewa 'yan'uwa da yawa sun yi ta jinyar masu cutar har suka kamu suka mutu, a lokacin da wasu ke fitar da nasu majinyatan waje suna gudu. Ba su tsaya binciken wanda bangonsa ya tsage ba. Shi Kifiriyanus an fille masa kai a 258.

Mutum ta biyu da na ambata wata dattijuwa ce, gwauruwa, kowa Mama yake ce mata. Ba ta iya karatu ba. Takan zo ta ajiye sandarta a bayan ƙofa, ta zauna a bakin gado ta ɗora ƙafafun yayata a cinyarta tana matsawa, wani lokaci awa biyu ba ta ce komai ba. In an ɓata zanen gado ita ke riga ni tashi. Wata rana, bayan likita ya gama yi mana bayanin da ba mu so ji ba, yayata ta ce mata: "Mama, na kasa addu'a. Fushi nake yi da shi." Gabana ya faɗi, na zaci wa'azi zai biyo baya. Mama ba ta ko ɗaga kai daga ƙafar da take matsawa ba. Ta ce: "To ki gaya masa mana, 'yata. Ni na binne uku. Babu irin maganar da ban gaya masa ba, ga shi har yau muna tare." Yayata ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba tun farkon ciwon, mai sauti, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Mama ta ɗaga mata hannu alamar a bar ta.

Bayan kwana biyu yayata ta ce in karanta mata labarin samarin nan uku a Daniyel sura ta 3, Shadrak da Meshak da Abednego, da aka tsayar a gaban Nebukadnezzar ga tanderu na ci. Na karanta inda suka ce wa sarki Allahn da suke bauta wa yana da iko ya kuɓutar da su, na wuce zuwa inda suka ce ko da bai kuɓutar da su ba, sarki ya sani ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. Na ɗauki numfashi zan shiga wurin da kowa ya fi so, inda aka ga mutum na huɗu yana yawo a cikin wutar, sai ta taɓa hannuna ta ce: "Tsaya nan. Maimaita." Na maimaita. Ta sa na karanta aya ta 18 sau 4, sannan ta ce ya isa, in rufe. Ba abin sa alama a kusa, sai na ninke takardar maganin da ke kan tebur na sa a wurin. Ta rasu bayan kwana 9, da asuba, Mama na riƙe da ƙafafunta. Littafin yana wurina yanzu, takardar maganin tana nan a Daniyel sura ta 3, rubutun likitan ya fara dushewa.